Daga rantsuwa zuwa alat ɗin farko: yadda hausmanshif ɗina ta kasance

Tunda ƙannenmu 'yan aji shida na karatun likita suka ji na gama bautar ƙasa kusan kullum sai wani ya turo saƙo, Cif yaya ake neman gurbin hausmanshif, Cif wace takarda ake kaiwa, Cif wai da gaske ne mutum sai ya yi wata da watanni bai ga albashi ba? Na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin gaba ɗaya yadda ya faru da ni. Hausmanshif dai ita ce shekara ɗayar da sabon likita yake yi yana aiki a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci kafin a ba shi cikakken lasisi. Wanda ba likita ba ma ya karanta, don duk sanda ƙungiyar NARD ta likitoci masu neman ƙwarewa ta shiga yajin aiki abin da ake faɗa a majalisa shi ne likitoci sun fiya son kuɗi. Ba zan ambaci sunan asibitin ba balle jihar, asibitin gwamnatin jiha ne dai a nan arewa maso yamma.

Karatun da aka ce mana shekara shida ne mu ya kai mu kusan takwas, yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A ƙarshen 2022 aka rantsar da mu. Kafin ranar rantsuwa akwai kuɗin rajistar MDCN, wato hukumar da ke ba likitoci lasisi, ana biya ta Remita, ka cire lambar biya ka je banki ko ka biya ta waya, sannan akwai kuɗin bikin kansa, da hayar riga, da hotuna, ban da walimar da Umma ta ce ko ana ha maza ha mata sai an yi. Kuɗin rajistar yana canzawa, don haka ka duba shafin hukumar a shekararka kar ka yi aiki da abin da na gabanka ya biya. Abin da ake ba ka bayan rantsuwa lasisin wucin gadi ne, kuma ka riƙe wannan da kyau, wa'adinsa shekara biyu ne, a cikin shekara biyun nan ake son ka fara hausmanshif ka gama. Idan ya ƙare ba ka gama ba jarrabawar hukumar ce ke jiranka. Wato tun ranar da kake ɗaukar hoto da kawunnanka ana ta Dakta Dakta agogo ya riga ya fara tafiya.

Hanyar samun gurbi biyu ce. Tun 2021 asibitocin tarayya, irin asibitocin koyarwa da su FMC, ta shafin MDCN ake neman gurbinsu, kowane asibiti da adadin mutanen da aka yarje masa ya ɗauka, sai wasu sun fita guri yake buɗewa, idan ya buɗe kuwa cikin 'yan mintuna an cike shi saboda duk 'yan ƙasar ne ke dako, har da waɗanda suka karanto a Sudan da Masar da Yukiren suka ci jarrabawar hukumar. Na yi makonni ina kwana da waya a hannu, ka ga guri ya fito a wata jiha da ba ka san kowa ba, kafin ka gama tunanin kuɗin haya wani ya ɗauke. Hanya ta biyu ita ce asibitocin jiha da na masu zaman kansu da aka amince su horar, su kai tsaye kake rubuta musu. Baba ya ce min kai zaman me kake yi, ga asibiti a garinku. Sai na rubuta takardar neman aiki na kai hukumar kula da asibitoci ta jiharmu. Abin da suka nema: lasisin wucin gadi, sakamakon jami'a, na sakandare, har da shaidar gama firamare wadda sai da Umma ta zazzage akwatinta kafin a gano ta, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, shaidar ƙaramar hukuma, NIN, da hotuna fasfo. Aka kira mu intabiyu, likitoci manya uku a bayan tebur, aka tambaye ni yadda zan yi da yaron da aka kawo yana jijjiga da matar da ke zubar da jini bayan haihuwa, aka ce mu saurari kira.

Kiran ya zo a Maris na 2023. Na karɓi takardar ɗaukar aiki, na je aka gwada lafiyata da kuɗina, na rubuta takardar amincewa, na kai asibitin aka buɗe min fayil, aka ba ni takardar kama aiki, aka ce in cike fom ɗin banki da lambar asusu da BVN. Ma'aikacin da ya karɓa ya ce shi ke nan Dakta, ƙarshen wata in sha Allahu. A ranar aka tura ni sashen manya, a satin aka sa sunana a jerin masu kwana, wanda muke cewa kol. To a nan na fara gane yadda tsarin yake: nauyin aiki tun ranar farko yake hawa kanka cikakke, babu wanda zai ce bari mu jira fayil ɗinsa ya iso kafin mu ba shi marar lafiya, albashi ne kawai ke da haƙurin jiran fayil.

Ga wanda bai sani ba, hausmanshif shekara ɗaya ce, sashe huɗu, kusan wata uku-uku: na manya, na mata da haihuwa, na yara, da na tiyata. Kai ne ƙaramin likita, kai ne na farko da ake kira. Ka zo da sassafe ka duba marasa lafiyarka kafin zagayen manya, ka rubuta bayanin duk wanda aka kwantar, ka ɗebi jini, ka sa kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa, ka bi sakamako a ɗakin gwaji da ƙafarka, ka tsaya a zagaye kwansaltan, wato babban likitan sashe, yana tambaya kana amsawa a gaban majinyata, idan aka tashi ƙarfe huɗu kuma kai ne da kol to ba gida, za ka kwana, gari ya waye ka ɗora aikin ranar kamar ka yi barci. Wato ka shigo takwas na safen Litinin ka fita yammacin Talata, ya haura awa 30. Kol ɗin ƙarshen mako ya fi haka. A ƙa'ida akwai rajistara, wato likita mai neman ƙwarewa, a samanka da za ka kira, kuma nawa mutanen kirki ne wallahi, amma mutum ɗaya ne yake riƙe da ɗakin gaggawa da wadi biyu, sau da yawa ta waya zai ce maka yi kaza, gani nan zuwa. Lokacin kuma ana tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi na canjin naira, za ka rubuta wa mai ciwon siga magani ɗansa ya fita ya dawo bayan awa biyu hannu wayam, ga kuɗi a asusu amma tiransifa ta ƙi tafiya mai POS kuma ba tsaba. Haka muka shiga azumi. Ƙarshen wata ya zo ba alat, aka ce ai sababbi ba sa shiga watan farko. Ƙaramar sallah ta zo ba alat, Yaya ne ya ɗinka min kaya, ni da ake cewa likitan gida.

Bayan sallah na fara bin sawu, kuma wannan ne wurin da na fi son ku natsu. Na fara da ofishin akanta na asibiti, suka ce su ba sa biya, sun tura sunaye hukumar kula da asibitoci. Na je hukuma, ofishin ma'aikata suka ce fayil yana ofishin kuɗi, ofishin kuɗi suka ce ba su gan shi ba, ko da sun gani ma sai an yi mana tantancewa tukuna saboda ana farautar ma'aikatan bogi, masu tantancewar kuma sai an tara mutane da yawa suke zama. Duk wannan zirga-zirgar a tsakanin aiki nake yi, in roƙi abokin aikina ya riƙe min wadi in hau adaidaita in je in dawo. Wani dattijon masinja da ke zama a benci bakin ofishin rajista, kullum da goro a bakinsa da 'yar rediyo, shi ya gaji da ganina ya kira ni. Ya ce ɗana, kai likita ne ko? Na ce e Baba. Ya ce to kana ta tambayar mutane ina fayil, ba a tambayar mutum, littafi ake tambaya. Ya shiga ya ɗauko wani ƙaton littafi mai baƙin bango da ake rubuta shigar kowane fayil da fitarsa, ya lashi yatsa yana buɗawa har ya kai kan lambata, ya nuna min ranar da fayil ɗin ya fita da ofishin da ya karɓa da sa hannun wanda ya karɓa. Muka je tare. Yana nan a ƙasan wani tarin fayiloli da 'yar takarda an maƙala a goshinsa, wai sunan da ke jerin albashi bai yi daidai da na BVN ba, wanda ya buga jerin ya rubuta sunan mahaifina da irin rubutun Turawa alhali a banki da duk takarduna yadda muke rubutawa yake. Babu wanda ya kira ni ya faɗa min, ga lambar wayata a shafin farko. Gyaran bai ɗauki minti goma ba, amma an riga an rufe baucar watan, sai na gaba. Dattijon ya ƙi karɓar ko sisi, abin da ya roƙa kawai in duba masa jikarsa mai sikila, har yau ina ganin yarinyar.

Ana saura kwanaki babbar sallah alat ya shigo, na wata ɗaya. Ariyas ɗin sauran watannin sai daga baya aka biya shi gutsi-gutsi bayan na rubuta takarda ta hannun shugaban asibiti. Abin da ya shigo, da alawus ɗin kol da komai da komai, bai kai naira 200,000 ba. Tsarin albashin likitoci sunansa CONMESS, mai hausmanshif shi ne a matakin farko, amma tsarin na tarayya ne, kowace jiha ita ke yanke nawa za ta iya biya a ciki, shi ya sa za ka ga 'yan aji ɗaya suna aiki iri ɗaya albashi ya bambanta. Na san a garinmu wannan kuɗin ba ƙarami ba ne, a lokacin mafi ƙarancin albashi 30,000 ne, matar da ke goge jinin ɗakin haihuwa da tsumma ko rabin rabin nawa ba ta samu, wannan ban manta da shi ba. Sai dai alat ɗin ya zo ne wata ɗaya bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar da muke saya ƙasa da 200 ta haura 500, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Na biya bashin da na ci, na ba Umma nata, na kai wa Baba, kafin in waiga 'yan uwa sun ji labari, wannan kuɗin makaranta, wancan matarsa ta haihu, kuma duk wanda aka kwantar daga unguwarmu ni ne zan cika kuɗin magani tunda ga ɗanmu a ciki. Kallon kitse ake yi wa rogo, kuma ba ka da bakin da za ka yi bayani.

A sashen mata na san me ake nufi da nauyi. Wani dare ana ruwa, wajen ƙarfe biyu, aka kawo wata yarinya da ba ta wuce sha bakwai ba daga ƙauye a bayan a-kori-kura, cikin fari, tana jijjiga tun magariba, sai da aka gama hayaƙi da tofi kafin a taho. Rajistara yana ɗakin tiyata da wata. Ni ne sai unguwarzoma biyu, babbar cikinsu Mama muke ce mata, ta yi shekara kusan talatin tana karɓar haihuwa. Na auna jini ya hau sosai, na ce a kawo allurar maganesiyam, aka ce ta akwatin gaggawa ta ƙare tun jiya, sai an sayo. Na rubuta na miƙa wa mijin, ya kalli takardar ya kalle ni ya ce likita wallahi kuɗin mota ma rance na yi. Mama ba ta ce komai ba ta buɗe jakarta ta ciro kwalba biyu da take ɓoyewa saboda irin wannan daren, ta ce Dakta fara da wannan, ni kuma na tura masinja kemis ɗin bakin ƙofa da katina ya cika sauran. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, janareto kuma ɗakin tiyata kawai yake kaiwa da dare, da fitilar waya na nemi jijiya, ɗaya unguwarzomar tana riƙe da wayar tana danne hannun yarinyar da gwiwa. Jijjigar ta lafa, rajistara ya fito muka shiga da ita, sai maganar jini, bankin jini suka ce sai an kawo mai bayarwa, 'yan rakiya biyar duk suka noƙe sai mijin. An ciro jariri bai zo da rai ba, uwar ta rayu. Ni aka ce in fita in faɗa musu. Ƙarfe takwas ina tsaye a zagaye kwansaltan tana tambayata me ya sa ban rubuta yawan fitsarin yarinyar na kowace awa ba, kuma tana da gaskiya, haka aikin yake.

Alawus ɗin haɗarin aiki kuwa, shekara da shekaru naira 5,000 ne a wata, sai a Disambar 2021 gwamnatin tarayya ta ɗaga na likitoci zuwa tsakanin 32,000 da 40,000. Ku tuna a farkon 2020 likitoci biyu suka rasu a Kano da zazzaɓin Lassa bayan sun yi aiki a kan wata mai juna biyu, ɗaya daga cikinsu hausmanshif take yi kamar mu, lokacin 5,000 ɗin nan ake biya. Allah ya jiƙansu. Idan allura ta soke ka, kuma za ta soke ka, kar ka ɓoye, ka wanke, ka sanar, a gwada marar lafiyar, ka fara maganin kariya da wuri, kuma ka yi rigakafin ciwon hanta tun kafin ka fara aiki ko da kuɗinka ne.

A ƙarshen Yulin 2023 NARD ta shiga yajin aiki, aka janye a Agusta. A lokacin ne tarayya ta sanar da ƙarin kashi 25 cikin ɗari a CONMESS, mu na jiha har na gama ban gan shi a albashina ba. Abin da ya shafe ku shi ne kwanakin da ba a yi aiki ba a wurinmu sai da muka rama su, don ana son kowane sashe ka yi shi cikakke. Sashen yara ya zo min a ƙarshen damina, maleriya da tamowa, yara biyu wani lokaci uku a gado ɗaya, tukunyar oksijin ɗaya ana raba ta da 'yan robobi, ga mashaƙo da ta ɓarke a arewa a shekarar. Tiyata ta zo da sanyi, ƙunar wuta da haɗarin babur, nan dai tsayuwa ce kawai da wankin ciwo.

Kowane sashe idan ka gama akwai fom ɗin da kwansaltan zai sa hannu cewa ya gamsu da kai, idan bai gamsu ba yana iya ƙara maka makonni, a wurinmu kuma ƙarin ba a biyansa. Ka karɓi sa hannun a satin da ka gama, wani abokina ya bari sai ƙarshen shekara ya tarar kwansaltan ɗinsa ya koma Saudiyya, sai da shugaban sashe ya shiga maganar. Da fom huɗun asibiti zai ba ka shaidar kammalawa, da ita za ka nemi cikakkiyar rajista a MDCN, ka sake biya ta Remita, daga nan kuma kowace shekara akwai sabunta lasisi da makin halartar bita. Albashi yana tsayawa ranar da shekararka ta cika, tsakanin nan da shiga sansanin NYSC ba ka da komai sai abin da ka tara ko ɗan aikin cike gurbi a asibitin kuɗi. A bautar ƙasa aka tura ni babban asibitin wata ƙaramar hukuma, na tarar da likita ɗaya, sati biyu da zuwana ya tafi hutu ya bar min makullin ɗakin tiyata. Alawus ɗin tarayya 33,000 ne, sai a Maris na 2025 muna dab da fita aka fara biyan 77,000, jihar tana ɗan ƙara wani abu idan ta tuna.

To shin albashin ya yi daidai da nauyin? A'a, bai yi ba, amma da za a ce in zaɓi abu ɗaya a fara gyarawa ba lambar da ke alat zan zaɓa ba. A sa iyaka a awannin kol, wanda ya kwana ya tafi gida da safe, don likitan da ya yi awa 30 ido biyu haɗari ne ga marar lafiya kafin kansa. A biya sabon likita watan da ya fara aiki. A ajiye maganin gaggawa a inda ake buƙatarsa, Mama ta daina ɓoye kwalba a jaka. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara biyar zuwa bakwai, a 2023 kuma har wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudurin a hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida, ni dai ban ga yadda ɗaure mutum zai sa janareto ya kai wuta ɗakin haihuwa ba. Duk wanda ya tafi kuma kol ɗinsa a kan waɗanda suka rage yake faɗawa, su ma su gaji su fara neman fom ɗin Ingila ko Saudiyya. Ba na zagin wanda ya tafi, ban kuma yarda da masu cewa ai aikin lada ne a yi shiru ba, mai gida ba ya karɓar lada a kuɗin haya.

Ku da za ku fara, ku tanadi abin da zai riƙe ku aƙalla wata uku kafin ku kama aiki, ko ku faɗa wa na gida gaskiya tun wuri cewa alat zai iya jinkiri. Ku tabbata sunanku harafi da harafi iri ɗaya ne a lasisi da NIN da BVN, kuma ku nemi ganin yadda aka buga shi a jerin albashi da idonku. Duk takardar da za ku miƙa ku yi kwafi biyu a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe, ku rubuta lambar fayil ɗinku a waya, idan aka ce ba a gan shi ba ku nemi littafin shige da fice na ofishin rajista. Wanda jiharsa ta ɗauki nauyin karatunsa da yarjejeniyar zai dawo ya yi mata aiki ya karanta takardar da kyau kafin ya nemi gurbin tarayya. Kafin ku zaɓi asibiti ku kira wanda yake ciki yanzu ku tambaye shi mutum nawa ne ke raba kol a kowane sashe, akwai ɗakin kwana, ana ba da abincin kol, wane wata aka biya na ƙarshe. Ku girmama nas-nas da unguwarzoma, rabin abin da na iya da hannu su suka koya min. Maganar jarrabawar farko ta shiga horon ƙwarewa kuma, wadda muke cewa firamare, ta kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma, ku fara karatunta tun kuna bautar ƙasa ilimin ajin farko bai gama zubewa ba, ni ma ita na sa a gaba yanzu, idan na gama da ita zan rubuto yadda aka yi.